Daga Yelwa Zuwa Gona: Wane Abin Hawa Ne Zai Kai Ka Ya Dawo Da Kai?

Mazaunin Yelwa a cikin garin Mubi, ko ma'aikacin gwamnati ne, ko ɗan kasuwa, ko malamin makaranta, da wuya ka same shi ba shi da gona a wani wuri. Wani tasa tana wajejen Digil, wani Muchalla ko Mayo Bani, wani kuwa sai ya nausa ɓangaren Gella a Mubi ta Kudu. Gida yana gari, abinci yana daji. Tsakanin biyun akwai hanya, kuma wannan hanyar tana cin kuɗin manomi fiye da yadda yake sa wa a lissafi. Da ita za a kai iri da taki, a kai 'yan ƙwadago, a kai ruwan feshi, a je a duba shuka bayan an yi ruwa. Sannan ga babban aikin, wato kwaso amfanin gona da kaka tun kafin ɓarawo ko garken shanu su riga mai shi.

Shi ya sa duk wanda Allah ya ɗan buɗa masa, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne abin hawa. A 'yan shekarun nan wayar hannu ta ƙara wa mutane wata sha'awa. Matasa suna kallon bidiyon wasu ƙananan motocin daji na Amurka a Facebook da TikTok, masu manyan tayoyi da ɗan akwatin kaya a baya, suna keta taɓo suna hawa duwatsu, sai ka ji ana cewa ai wannan ita ce daidai da ƙasarmu. Za mu zo kansu. Amma tun daga farko ga abin da nake gani: ba a wurin dillali ake zaɓen abin hawan gona ba. A wuri biyu ake zaɓensa. Na farko shi ne wuri mafi muni a kan hanyar gonarka cikin watan Agusta. Na biyu kuma rumfar bakaniken da ya fi kusa da gidanka.

Ƙasar da za a taka

Mubi tana zaune ne a gindin duwatsun Mandara, waɗanda suka raba Nijeriya da Kamaru, kuma kogin Yedzaram ya ratsa ta. Damina tana kankama daga wajejen Mayu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Ruwan da ya sauka a kan duwatsun nan ba ya jira. Cikin ɗan lokaci sai ya gangaro ya cika rafukan da suka wuni a bushe, waɗanda Fulani ke kira mayo. Mutum zai ƙetare rafi da safe ƙafarsa ba ta jiƙe ba, ya dawo da la'asar ya tarar ruwa ya kai ƙugu, alhali ko ɗigo bai sauka a inda yake ba. A can saman dutse aka yi ruwan.

Hanyar gona ɗaya tana iya haɗa maka komai. Ka bar kwalta ka hau burji, burji ya ƙare ka shiga tsakuwa da ƙananan duwatsu masu kaifi da ke yanka taya ta gefe. Ka gangara cikin rafi ka tarar da rairayi mai laushi da ke haɗiye ƙafar mota. Ka haura ka faɗa laka ta fadama, irin wadda da rani take tsagewa da tauri, da damina kuwa ta riƙe taya ta ƙi saki. Kuma kowace shekara ruwa yana sake zana hanyar: inda aka bi bara ya zama kwazazzabo bana, sai a ratse ta gefen gonar wani.

Abu mafi amfani da mai niyyar saye zai yi, kuma ba ya cin ko kwabo, shi ne ya taka hanyar gonarsa da ƙafa washegarin ruwa mai ƙarfi. Ya duba faɗinta a inda ta fi matsewa. Ya duba ko akwai wurin da ta karkace, gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa, domin irin wannan wurin ne ke kayar da abin hawa mai lodi. Ya sa sanda ya auna zurfin ruwa a mashigi. Idan akwai wuri guda, ko da taku ashirin ne, da abin hawan ba zai wuce ba, to duk sauran hanyar ba ta da amfani a gare shi.

Sai lissafin kaya. Buhun masara ko dawa kilo 100 ne, buhun taki kilo 50. Manomin da ke samun buhu talatin yana da tan uku da zai kwaso, amma cikin mako biyu ko uku kacal a shekara. Sauran watannin abin da yake ɗauka bai wuce kansa da buhun taki biyu da jarkar ruwa da injin feshi ba. Mutane da yawa suna sayen abin hawa saboda waɗannan makonni ukun, sannan su yi wata goma sha ɗaya suna ciyar da shi mai a kan aikin da babur zai yi.

Babur da keke

Babu abin da ya kai babur shiga lungu a wannan ƙasa. Bajaj Boxer da TVS da Haojue da Jincheng sun zama jakunan wannan zamani. Tayar Boxer mai inci 17 tana haye ramin da ƙaramar taya za ta faɗa, yana bin turbar ƙafa tsakanin kunya da kunya, in ya kafe mutum biyu sun ɗaga shi, in rafi ya cika matasan ƙauye sukan saɓa shi su ƙetarar. Ba ƙauyen da za ka rasa mai faci, kuma filogi da sarƙa da kebul ɗin kuloci ana samunsu a kowace kasuwa. Rauninsa lodi ne. Ana ɗora masa buhu biyu, kowa ya gani, amma wanda ya taɓa gangaro dutse da kilo 200 a bayansa ya san birkin babur ba don haka aka yi shi ba. Akwai kuma batun doka. Shekarun rikicin Boko Haram sun zo da taƙaita hawan babur a sassa da dama na arewa maso gabas, kuma irin wannan doka tana sassautawa ta kuma tsananta gwargwadon halin tsaro. Kafin mutum ya zuba kuɗinsa, ya tabbatar da abin da aka yarda da shi a hanyar da zai riƙa bi.

Wannan taƙaitawar tana cikin abin da ya cika garuruwanmu da Keke Napep. Sunan ya samo asali ne daga shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Obasanjo da aka kafa a 2001. Kafin nan mutanen Legas sun san shi da Keke Marwa, da sunan Buba Marwa, ɗan asalin Michika nan kusa da mu, wanda ya mulki Legas daga 1996 zuwa 1999. Amma keken fasinja na cikin gari ne. Tayarsa inci 8 ce, cikinsa yana kusa da ƙasa, ko tudun kunya yana iya dakatar da shi.

Wanda ya shafi manomi shi ne keken kaya mai buɗaɗɗen baya, akasari ƙirar Sin, mai injin babur babba da farfela da ke juya tayoyin baya. Da rani, a hanyar burji mai ɗan kyau, ban san abin da ya fi shi riba ba. Yana kwasar buhuna da yawa a sawu ɗaya, yana ɗaukar takin gargajiya da itace da yashi da bulo, in ba aikin gona kuma ya shiga kasuwa ya yi dako ya ciyar da kansa. Matsalarsa tana cikin ƙirarsa. Ƙafa uku ce, ɗaya a gaba. Ka tsaya a mashigin rafi da kaka ka kalli yadda abin ke faruwa: keke ya gangaro da buhunan gyaɗa an jera su har sun fi kan direba, tayar gaba ta nutse a rairayi, direba ya ƙara wuta, tayar baya ɗaya ta hau juyawa a banza tana watsa ƙasa, ɗayar kuwa tana tsaye cik. Yaran mota su diro, a sauke rabin lodi, a tura kara da ganye ƙarƙashin taya, a tura da kafaɗa. In an haye sai a koma a ɗauko buhunan a ka ɗaya bayan ɗaya. Wannan mai sauƙi ke nan. Mai muni shi ne a karkataccen wuri, inda lodin da aka tula sama ke rinjayar keken ya kife, kuma sau da yawa akwai mata da yara zaune a kan buhunan. Wanda gonarsa take kan tudu ko bayan rafi mai rairayi, ya yi tunani sau biyu. Wanda zai saya kuma ya nemi mai lagireto, domin injin da iska kaɗai ke sanyaya shi yana wahala idan ana tafiya a hankali da lodi cikin zafin Maris da Afrilu.

Daga Starlet zuwa Land Cruiser

Baƙo yakan yi mamakin ganin irin aikin da ƙaramar Toyota Starlet take yi a hanyoyin ƙauyukan Adamawa da na kan iyaka. Mota ce da aka ƙera don zirga-zirgar birni a Japan da Turai, amma makanikanmu sun ɗaga ta, sun ƙara mata ƙarfin sifirin, ta koma motar daji. Sirrinta rashin nauyi da sauƙin inji. Haka tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda kamfanin Peugeot na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya cika ƙasar nan da ita. Har yau akwai waɗanda ke kwasar hatsi da ita. Waɗannan motoci ba su da giyar daji, tayoyi biyu ne kawai ke ja. Abin da ke riƙe da su shi ne duk wani bakanike ya san cikinsu, kuma direbobinsu sun san inda za su taka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da ke sa mota ta daɗe a daji ba ƙarfinta kaɗai ba ne.

Sai Hilux, burin kowa. Toyota ta fara fitar da ita a 1968, ita kuma Land Cruiser samfurin 70, mai ƙirar akwati, ta fito a 1984. Maƙwabtanmu na Chadi sun nuna wa duniya abin da waɗannan motoci za su iya a 1987, lokacin da suka fatattaki tankokin Libiya da su a hamada, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Mutanen Mubi ma ba labari aka ba su ba. Tun bayan da Boko Haram ta kama garin a ƙarshen Oktoban 2014 aka kuma ƙwato shi a Nuwamba, sojoji da ƙungiyoyin agaji da waɗannan motocin suke shiga duk inda ake shiga.

Amfanin irin wannan mota a fili yake. Tayoyi huɗu suna ja, tana da giyar ƙarfi da direbobi ke kira ogzilari, cikinta yana nesa da ƙasa, tana ɗaukar kusan tan guda, kuma ita ce za ta kai mara lafiya asibiti da tsakar dare ko ta yi tafiyar Yola, kusan kilomita 200, ba tare da an nemi wata ba. Amma akwai abubuwan da mai saye ya kamata ya sani. Ba kowace Hilux ce ke ja da tayoyi huɗu ba, akwai masu ja da baya kawai, kuma a ido kusan ɗaya suke. Yawancin waɗanda ke yawo a Nijeriya masu injin fetur ne mai lita 2.7, ba ya ba da wahala amma yana shan mai. Sababbin injinan gas masu kwamfuta suna da ƙarfi da tsimin mai, sai dai ba sa haƙuri da gurɓataccen mai, kuma wanda ke sayen mai a jarka a bakin hanya ba shi da tabbacin abin da aka zuba masa. In famfon mansu ya lalace, gyaran ba na rumfar unguwa ba ne. Shi ya sa tsohon injin gas na Land Cruiser mai lita 4.2 da silinda shida, wanda ba shi da tarkacen lantarki, har yau yake da daraja a duk faɗin Sahel.

Sai kuɗi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Darajar naira ta faɗi, komai na mota da ake shigowa da shi ya ninka. Taya huɗu na Hilux yanzu kuɗin gonar wani ne. Mutumin da buhunsa talatin ne a shekara, in ya sayi Hilux don gona kawai, gonar ce za ta koma yi wa motar aiki.

Motocin da ake gani a waya

Yanzu mu dawo kan waɗancan ƙananan motocin daji. Iri biyu ne. Akwai babur mai ƙafa huɗu da ake hawa kamar doki a riƙe ƙaho, akwai kuma mai sitiyari da kujeru gefe da gefe da akwatin kaya a baya, wanda ya fi dacewa da aikin gona. Kawasaki ta fito da nata mai suna Mule a 1988, John Deere ta kawo Gator a 1992, Polaris ta biyo da Ranger a ƙarshen shekarun 1990, Kubota kuma tana yin masu injin gas. A manyan gonaki da wuraren kiwo na Amurka da Ostireliya, su ne ke zagaya shinge, su kai wa dabbobi ciyawa, ranar hutu kuma a shiga daji da su yawo.

Ba na raina su. A kan rairayi da laka sun fi duk abin da muka ambata, domin ba su da nauyi, tayoyinsu masu faɗi ne da iska kaɗan, ba sa nutsewa kuma ba sa dandaƙe ƙasar gona. Suna shiga inda Hilux ba za ta shiga ba. Amma a duba lissafin. Akwatin manyan cikinsu yana ɗaukar kimanin kilo 450, wato buhu huɗu da rabi. Sabuwa mai girman aiki takan haura dala dubu goma a can inda ake ƙera ta, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Idan aka lissafa da canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, ana maganar sama da naira miliyan goma sha biyar tun ba ta taɓa ruwan Legas ba. Ba don doguwar tafiya a kwalta aka yi su ba, saboda haka ba za ta maye maka motar gida ba.

Babbar matsalar ita ce ranar da ta tsaya. Yawancinsu ba su da giya irin wadda makanikanmu suka saba da ita. Wani bel ne na roba mai kauri ke ɗaukar ƙarfin inji zuwa tayoyi, kuma lodi mai yawa da zafi da ruwa suna cinye shi. In ya tsinke a Muchalla ranar Talata, ba a Mubi za a same shi ba, kuma ba lallai a same shi a Yola ba. Haka tayarta, haka robobin aksil, haka na'urar da ke sarrafa mai. Ka kai wa bakanike, zai zagaya ta ya leƙa ƙasa, sannan ya faɗa maka gaskiya: “Alhaji, aikin ba zai gagara ba, amma kayanta fa?” Mota ta zauna wata biyu tana jiran saƙo daga Legas ko Dubai, kaka kuwa ba ta jiran kowa. Wanda ke da babbar gona ko wurin kiwo mai shinge, da bakanikensa, da halin ajiye bel biyu da tayoyi a sito, zai ji daɗinta ƙwarai. Ga sauran mutane, marainiya ce a wannan ƙasa.

Shi kuwa babur mai ƙafa huɗu, ina roƙon iyaye su yi hattara da shi. Ganin ƙafa huɗu yana sa a ɗauka ba ya faɗuwa, har a miƙa wa yaro. Alhali yana kifewa a karkataccen wuri, kuma in ya kife a kan mahayinsa yake sauka da nauyin da ya fi na babur sau biyu ko uku. A Amurka an daina sayar da sababbin masu ƙafa uku tun 1988 saboda yawan haɗari. A Ostireliya, inda ya daɗe yana cikin manyan abubuwan da ke kashe manoma, doka ta wajabta tun Oktoban 2021 cewa sababbin na aiki su zo da ƙarfen kariya a bayan mahayi. Waɗannan ƙasashe ne masu motar asibiti da jirgin ɗaukar majinyaci. Mu da za a ɗauko mutum daga bayan dutse a kan babur, namu hattarar ya kamata ya fi nasu.

Akwai abubuwa biyu da ba a cika kawo su cikin wannan hira ba, wataƙila don ba su da ƙawa. Ɗaya ƙaramar taraktar hannu ce mai ƙafa biyu, wadda ke yin huɗa da damina, a ɗaura mata tirela da kaka ta ja buhuna, wasu ma su juya injin ban ruwa da ita da rani. Tafiyarta a hankali take, amma aiki uku take yi da inji ɗaya. Ɗayan kuma amalanken shanu. Manomin da ya riga yana da shanun huɗa, amalanke kawai ya rage masa. Ba ya shan fetur, laka ba ta cika hana shi wucewa ba, kuma bayan 'yan shekaru a kai bijiman kasuwar shanu ta Mubi, ɗaya daga cikin mafiya girma a yankin nan, a sayar da su fiye da yadda aka saye su. Babu injin da ke yin haka. Wahalarsu kiwo ne da tsaro, domin satar shanu ba wasa ba ce.

Ranar saye

Kusan kowa na hannu zai saya, ko Beljiyam ko wadda aka yi gwanjonta daga wata ma'aikata. Kada mutum ya je shi kaɗai, kuma kada ya yarda da bakaniken da dillali ya kawo. Ya tafi da nasa, wanda zai ci gaba da gyara motar. A je da sassafe a tayar da inji yana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye aibinsa. A duba launin hayaƙi. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga inji. A kwanta a ƙarƙashi da tocila a bi sasi daga gaba zuwa baya ana neman walda ko tsatsa ko sabon fenti a wurin da bai kamata ba. Motar da ta yi shekaru tana dakon kan iyaka takan sha fenti ta yi kyau a sama, ƙasanta kuwa duk ɗinki ne.

Abin da aka fi yaudarar mutane da shi shi ne giyar daji. Sau da yawa an cire farfelar gaba tun tuni saboda ta lalace, sandar giyar tana nan a ciki tana shiga tana fita, amma tayoyin gaba ba sa ja. Kada a gwada a kwalta, hasali ma sa wannan giya a busasshiyar kwalta yana lalata ta. A nemi rairayi a shiga, mutum ɗaya ya tsaya a waje ya ga da idonsa tayoyi huɗun suna haƙa. Takardu kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya, a gwada lambar sasi da ta inji da abin da ke rubuce. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma a gari irin Mubi, mai shingayen bincike ta kowace kusurwa, motar da takardar kwastan ɗinta ba ta cika ba za ta ci kuɗinta a hanya, ko a wayi gari an ƙwace ta.

Bayan saye, ɗan abin da ke raba mai dawowa gida da mai kwana a daji ba shi da yawa: shebur, igiya mai ƙarfi, jak da ɗan katakon da za a ɗora shi a kai, famfon iska. A rairayi a rage iskar taya, in an fita a mayar. A mashigin ruwa a sauka a taka da ƙafa tukuna, in ruwan yana jan ƙafarka to zai ja mota. In inji ya mutu a cikin ruwa kada a sake tayar da shi, domin ruwan da ya shiga ta hanyar iska zai lanƙwasa ƙarafan ciki, gyaran awa ɗaya ya koma sayen inji. Matatar iska kuma a riƙa kaɗe ta a kai a kai da hunturu.

Yawon duwatsu

Akwai matasa, ciki har da ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, masu sha'awar fita bayan gari don ganin ƙasa, kuma ina ganin sha'awa ce mai kyau. Duwatsun Mandara bayan damina, lokacin da ciyawa ba ta bushe ba, suna cikin wurare mafiya kyau a Nijeriya. Don irin wannan fita, babur mai tayar daji da hular kwano ya wadatar. Sai dai duwatsun nan ba fili ba ne da babu mai shi. Gidajen Fali da Gude da Kamwe ne da sauran al'ummomi, kuma matakalan duwatsun da ake gani a jikin tudu gonaki ne da kakanni suka jera da hannu don riƙe ƙasa. Taya ɗaya tana rusa abin da aka yi shekaru ana gyarawa, kuma sawun da ta bari a gangara shi ruwa zai bi ya zama kwazazzabo. Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, da ƙafa ake hawanta ta kan hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu, abin hawa a ƙasa ake barinsa. Ko'ina za a je, a fara da gaida mai gari, a tambayi halin tsaro a wurin jami'ai da mutanen wurin, kada a kusanci iyaka ba da sani ba, a kuma juyo tun rana tana sama.

Ga mafi yawan masu gona a Yelwa, abin da na ga ya fi dacewa shi ne babur mai lafiya don zirga-zirgar yau da kullum, sannan a ɗauki hayar keken kaya ko a-kori-kura na makonnin kaka. Hayar tana tsada a lokacin, gaskiya ne, domin kowa yana nema a lokaci ɗaya, amma wanda ya yi magana da direba tun watan Satumba ya ba da kafin alƙalami ba ya rasa mota. Waɗanda gonakinsu ke hanya ɗaya kuma suna iya haɗa kuɗi su uku ko huɗu su sayi keken kaya ko tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Irin wannan haɗaka ta sha raba 'yan uwa, kuma kusan kullum a kan abu biyu ne: wa zai fara kwasar amfaninsa, da wa zai biya in taya ta fashe a hannun wani. A rubuta waɗannan a takarda gaban mai unguwa tun kafin a biya kuɗin motar, a sa direba ɗaya tak da kowa ya yarda da shi, a kuma riƙa cire wani abu daga kuɗin kowane sawu ana ajiyewa don gyara.